Trabajábamos: gaɓa biyar ce ko shida, kuma me ya ɗora sandar nan a kan wasalin tsakiya?

'Yar Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun jiya wani abu yake cina a rai. Ina koyon Sifaniyanci a makaranta nan Garwa ta Kamaru, wannan ce shekarata ta biyu. An ba mu aiki mu raba kalmar trabajábamos gaɓa-gaɓa. Ma'anarta dai "muna aiki a da" ko "mukan yi aiki a wancan lokacin". Na faɗe ta a bakina, na ƙirga da yatsu, na sami shida: ta-ra-ba-ja-ba-mos. Da na kalli rubutun sai na ga babu wasali tsakanin t da r, sai na fasa. Na tuna an koya mana cewa saiwar kalmar ita ce trabaj, don haka na rubuta trabaj-á-ba-mos. Takarda ta dawo da jan biro, an rubuta tra-ba-já-ba-mos, ba wani bayani. Mun yi yawa a aji, ban sami damar tambaya ba. Don Allah me ya sa j ya rabu da saiwarsa? Kuma 'yar sandar da ke kan á, aikin me take yi? A Faransanci idan aka sa ta kan e, sautin wasalin ne yake canzawa. A nan kuwa a ɗin bai canza ba ko kaɗan a kunnena.

Ɗan Almeriya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Biyar ce, ba shakka. Shekarata bakwai a gonakin leda na kudancin Sifaniya, ina tsinkar tumatir da tattasai, wannan kalmar kuwa kusan kullum sai na ji ta. Tra ɗin a bugu ɗaya ake fitar da shi. Sandar kuma tana nuna inda za ki buga da ƙarfi ne: trabaJÁbamos. Shawarata ki bar wahalar yanka kalma. Ki saurari masu harshen ki kwaikwaya. Ni ban taɓa raba wata gaɓa a takarda ba, kuma ina ciniki da su, ina zuwa asibiti ba tafinta.

'Yar Garwa:
Na gode Yaya. Amma ni jarrabawa ce a gabana, kuma a takarda za a tambaye ni.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
'Yata, ba ki yi wauta ba ko sau ɗaya a cikin amsoshinki biyu. Kowacce tana da dalili, kuma dalilin ne ya kamata a nuna miki.

Ta farko bakin Bahaushe ne ya ba ki ita. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba mu da gaɓar da ke farawa da baƙaƙe biyu a jere. Shi ya sa duk kalmar aro da ta zo mana da irin wannan cunkoso sai mu cusa mata wasali a tsakani, mu ce burodi, firamare, direba. Bakinki ya yi wa tra abin da kakanninki suka yi wa waɗannan kalmomi.

Ta biyu kuma kin ɗauko wuƙar wani aiki kin yi wani aikin da ita. Wuƙa biyu ake yanka kalma da su. Ɗaya ta kunne ce, tana bin yadda sauti ke fita, ita ke ba da gaɓoɓi. Ɗaya ta ma'ana ce, tana bin inda kowane guntu ke ɗauke da saƙonsa, ita ke ba da saiwa da ɗafi. Ɗauki makaranta. Da wuƙar ma'ana: ma, karant, a. Da wuƙar kunne: ma-ka-ran-ta. Kin ga t ɗin na saiwa ne, amma a wajen furuci ya tsallaka ya zauna da wasalin ƙarshe. Babu Bahaushen da zai ce ma-karant-a gaɓoɓi ne. To abin da ya sami t a makaranta shi ya sami j a kalmarki. Ni ban iya Sifaniyanci ba, wannan kawai na gane daga abin da kika rubuta. Masu sani su ƙara.

Ɗalibin Harsuna:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya riga ya gama rabin aikin. Bari in ɗora.

Ƙa'idar gaɓa a Sifaniyanci mai sauƙi ce a nan: baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu, na gaba yake bi. Don haka b, j, b, m duk suka bi wasalin da ke gabansu: ba, já, ba, mos. Idan baƙaƙe biyu ne, ana raba su, sai dai in na biyun r ne ko l kuma su biyun suna iya buɗe kalma tare: pr, br, tr, dr, cr, gr, fr, pl, bl, cl, gl, fl. Waɗannan ba a shiga tsakaninsu. Shi ya sa hablábamos take ha-blá-ba-mos, amma estábamos take es-tá-ba-mos, don babu kalmar Sifaniyanci ta asali da ke farawa da st.

Yanzu wuƙar ma'ana. Guntaye huɗu ne. Trabaj ita ce saiwa, ita ke ɗauke da ma'anar aiki. Sai a, wasalin da ke nuna ajin aikatau, domin aikatau ɗinsu aji uku ne, masu ƙarewa da ar, da er, da ir. Sai ba, alamar lokacin da ya shuɗe ana cikin yi ko ana yawan yi. Sai mos, wato mu. Abin da Hausa ke jerawa a gaban aikatau, kamar mun, muna, mukan, za mu, su a ƙeya suke liƙa shi. Ki lura da abu ɗaya da ke ruɗa mutane a wannan kalmar musamman: ba sau biyu ya fito. Na farko ba kowa ba ne, guntun saiwa ne kawai da ba shi da ma'anar kansa. Na biyun shi ne mai aiki. Cire shi ki gani: trabajamos. Ma'ana ta koma "muna aiki yanzu" ko "mun yi aiki".

Uwar Biyu:
Tsaya ɗan'uwa. A littafin da na koya da shi, an ce saiwa trabaj, ƙarshe ábamos, shi ke nan. Guda biyu. Kai ka ce huɗu. Wanne ne daidai? Kada a ƙara ruɗa yarinya.

Ɗalibin Harsuna:
Hajiya, littafinki bai yi kuskure ba, ya dunƙule ne don sauƙin hadda. Babban nahawun da hukumar kula da harshen ta Madrid ta fitar a 2009 tare da takwarorinta na sauran ƙasashe, huɗu ya raba. Ni ina ganin huɗun ya fi amfani ko ga mai koyo, saboda mos ɗin nan za ta same shi a kowane lokaci: trabajamos, trabajaremos, trabajaríamos. In ta san shi sau ɗaya ta huta. In kuwa dunƙulallu ta haddace, kowane lokaci sabuwar hadda ce.

Uwar Biyu:
Na yarda da batun mos. Amma a ɗin nan na tsakiya ban gamsu ba. A trabajo ina ya shiga? Ba ya nan. Abin da yake zuwa ya ɓace, yaya za a ce masa guntu mai zaman kansa?

Ɗalibin Harsuna:
Gaskiya ne, a trabajo da trabajé ba ya fitowa. Amma ki dubi inda yake fitowa, shi kaɗai ke raba aji da aji: trabajamos, comemos, vivimos. Wasula uku, aji uku, sauran ƙarshen iri ɗaya.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Ku bar wannan tukuna, ba ku amsa wa yarinya tambayarta ta biyu ba. Sandar nan mai kama da wasali bisa na ajami. Ɗan Almeriya ya ce wurin bugawa take nunawa. Ina so in ji ƙa'idar.

Tsohon Malabo:
Karin sauti ne kawai Malam, irin namu. Na yi shekaru ina kasuwanci a Malabo ta ƙasar Equatorial Guinea, Sifaniyanci ne harshen hukuma a can. Inda sandar take, nan murya ke hawa.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Alhaji, a nan kam ban bi ka ba. Karin sautin Hausa kowace gaɓa tana da nata, ko sama ko ƙasa ko faɗau. Kalma tana iya zama duk gaɓoɓinta sama, kamar kuka na hawaye, ba wadda ta fi wata. Kuka ta miya kuma sama ce da ƙasa. Wuya na jiki sama da ƙasa, wuya ta wahala ƙasa da sama. Abin da waɗannan yara ke kwatantawa daban ne: gaɓa ɗaya tal a kalma ita ce sarauniya, sauran fadawanta. Idan muka kira shi karin sauti, za mu sa mai koyo ya ɗaga murya kawai ya zaci ya gama. Ni da za a bi tawa, a ce masa dannawa. Gaɓar da ake dannawa.

Tsohon Malabo:
Na ji Malam, amma kunnena hawan murya yake ji. Ban janye ba gaba ɗaya.

Ɗalibin Harsuna:
Alhaji yana da hujja, sau da yawa murya takan hau a gaɓar da aka danna, takan kuma ɗan fi tsawo. Amma Malam ya fi kusa, domin a tambaya ko a ƙarshen jimla muryar na iya sauka ko ta hau wani wuri, dannawar kuwa tana nan inda take. Mu ɗauki kalmar Malam.

Ga ƙa'idar rubutun. Kalmar da ta ƙare da wasali, ko n, ko s, ana sa ran a danna gaɓa ta biyu daga ƙarshe. Wadda ta ƙare da kowane baƙi daban, ana sa ran a danna ta ƙarshe. In kalma ta bi abin da ake sa rai, ba a sa mata komai. In ta saɓa, sai a ɗora sandar, su tilde suke ce mata. Trabajamos ta ƙare da s, an danna ta biyu daga ƙarshe, ba sanda. Trabajar ta ƙare da r, an danna ta ƙarshe, ba sanda. Trabajábamos kuwa ki ƙirgo daga baya: mos ɗaya, ba biyu, já uku. Ta uku daga ƙarshe. Irin wannan kalma esdrújula ake kiranta, kuma dukkansu sai da sanda, babu togiya. Sunan ma kansa haka yake, es-drú-ju-la.

Abin da nake so ki riƙe ya fi wannan ƙa'ida. Jera lokacin gaba ɗaya: trabajaba, trabajabas, trabajaba, trabajábamos, trabajabais, trabajaban. Faɗe su a bayyane. Dannawar ba ta motsa ko sau ɗaya ba, tana kan ja daga farko har ƙarshe. Guda ɗaya ce kawai ta sami sanda, ba don an danna ta daban ba, sai don mos ya ƙara mata gaɓa a baya, ja ya koma na uku. Sandar ba ta kawo dannawa ba, ta zo ne ta tsare ta a wurinta kada mai karatu ya zame ya ce trabajaBAmos.

'Yar Garwa:
Wallahi yanzu na gani! Amma Yaya, trabajabais fa? Ita ma tra-ba-ja-ba-is, biyar ke nan, ja na uku daga ƙarshe. Me ya hana ta sanda?

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Wannan ni ma zan iya amsawa. Kai, rai, sai, gaɓa nawa-nawa ne? Ɗaya-ɗaya. Tagwan wasali ne. Ina zaton ai ɗin nasu ma haka yake.

Ɗalibin Harsuna:
Haka yake Malam. Tra-ba-ja-bais, huɗu, ja na biyu daga ƙarshe, kalma ta ƙare da s, ba a bukatar sanda. Duk inda i ko u marar dannawa ya haɗu da a, e ko o, gaɓa ɗaya suke. In kuwa i ɗin ne aka danna, tagwayen sun rabu, kuma dole a sa sanda: tra-ba-ja-rí-a-mos, shida. Co-mí-a-mos, huɗu. A nan akwai tarko ga Bahaushe, don a ya tsaya shi kaɗai a matsayin gaɓa, mu kuwa ba mu da gaɓar da ba baƙi a gabanta. Ko aiki da ido, alhamza ce ke buɗe su, ba ma rubuta ta ne kawai. Sai ka ji ɗan'uwa yana tsinke murya tsakanin rí da a. Su zarcewa suke yi ba tsayawa.

Ɗan Almeriya:
Na karanta duka, kuma zan gyara maganata ta farko. Na ce a saurara kawai, amma akwai ranar da wannan dannawar ta kusa jawo mini asara. Wani da muka yi wa aiki ya riƙe mana kuɗin mako uku. Na je wani ofis in kai ƙara. Ina so in ce bai biya ba, wato no pagó, a danna ƙarshe. Na ce no pago, na danna farko. Wannan kuwa "ba na biya" ne, ko "ba zan biya ba". Matar ta kalle ni, ta fara yi mini bayanin cewa ba a biyan komai a nan. Mun fi minti goma kowa na magana kan abu daban, ga layi a bayana, ga gumi. Wani ɗan Senigal da ya daɗe a ƙasar ne ya matso ya faɗa mata daidai. Haruffa huɗu ne iri ɗaya, amma mai laifi ya tashi daga shi ya dawo kaina. Tun ranar nake kasa kunne ga ƙarshen kowane aikatau. Trabajo ni ne, trabajó wani ne, kuma ya riga ya wuce.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Allah ya kiyaye gaba. Labarinka ya tuna mini namu. Rubuta "ya zo". Idan ka ja wasalin ya da karin sama, ya riga ya iso. Idan ka gajarta shi da karin ƙasa, umarni ne, a ce masa ya zo. Mu ba ma sa alamar komai a rubutun yau da kullum, mai karatu ne ke cirowa daga zancen. Na sha ganin ɗalibi ya kai tsakiyar jimla ya koma baya don ya ɗauki kuka ta miya a matsayin ta hawaye. A wannan fannin rubutunsu ya yi wa baƙo adalci fiye da namu: ko ba ka taɓa jin kalma ba, kana ganinta ka san inda za ka danna.

Uwar Biyu:
Adalcin da wahala Malam. A waya sai ka danne harafi ka jira kafin sandar ta fito. 'Yan ƙasar ma da yawa ba sa sa ta a hirar WhatsApp.

Ɗalibin Harsuna:
Ba sa sawa don dannawar tana kunnensu tun suna goye. Mu da ba ta kunnenmu, mu ne muka fi bukatarta.

Malam, ga wani abu da na san zai yi maka daɗi tunda kai mai nazarin waƙa ne. A Latinanci, uwar harshen, nauyin gaɓa ne ke yanke inda za a danna. In gaɓa ta biyu daga ƙarshe mai nauyi ce, ita ake dannawa. In marar nauyi ce, a koma ta uku. Nauyin kuwa irin wanda muke aunawa a karin waƙa ne: dogon wasali ko rufaffiyar gaɓa. A amabamus, "muna so a da", ba ɗin dogo ne, shi ake dannawa. Italiyanci yana nan a kan haka, amaVAmo suke cewa. Sifaniyanci ne ya janyo dannawar baya ta daidaita da amaba da amabas da amaban, aka sami amábamos. Fotugal ma haka suka yi, amávamos. Wato sandar da 'Yar Garwa ke tambaya a kai, tabon wannan ƙaura ce.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Ikon Allah. To su yanzu ba su da dogo da gajeren wasali?

Ɗalibin Harsuna:
Babu. Wasula biyar ne, kuma tsawo ba ya raba ma'ana kamar yadda yake raba gari na mutane da gari na tuwo. Amma tsohon bambancin ya bar sawu a wasu aikatau. Gajeren e da gajeren o na Latinanci, in dannawa ta faɗa kansu sai su tsage biyu. Shi ya sa ake cewa niego amma negamos, puedo amma podemos. A lokacin aikatau da muke magana a kai, wato na trabajábamos, dannawa ba ta taɓa hawa saiwa, don haka ba tsagewa: negábamos, podíamos. Lokaci ne mai sauƙin kai. Aikatau uku kacal suka bauɗe a cikinsa: éramos, íbamos, veíamos.

Tsohon Malabo:
Ni abin da zan ƙara na furuci ne. J ɗin nan ba namu ba ne na jaki. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san harafin da ke farkon khairan da khalifa, daga maƙogwaro. Shi ne. Kuma a Malabo s ɗin ƙarshe ana jin sa sarai.

Ɗan Almeriya:
A nan kuwa Alhaji haɗiye shi suke yi. Trabajábamo za ka ji, wani lokaci da 'yar iska a ƙarshe. Da na zo sabo na ɗauka wata kalma ce daban. Amma ko sun haɗiye s, já ɗin yana nan daram.

Uwar Biyu:
Tunda ana gyara, ga wanda ya taɓa kayar da ni. Mu a Hausa baƙi biyu iri ɗaya rabawa muke yi: han-nu, kal-lo, sam-mako. Sai na kai wannan can, na rubuta cal-lábamos a ƙarshen layi. Ashe ll da rr da ch kowanne sauti ɗaya ne, kamar sh da ts namu, ba a tsaga su. Ca-llá-ba-mos, co-rrí-a-mos. Kuma a nan ne raba gaɓa ke da amfani ko ga wanda ba ya jarrabawa, don in layi ya ƙare a tsakiyar kalma, a kan gaɓa ake yankewa. Traba a sama, jábamos a ƙasa, ya yi. Trabaj a sama bai yi ba.

'Yar Garwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Malam, Hajiya, Alhaji, yayyena. Na gwada da wata kalmar da kaina, ku duba mini. Estudiábamos. Wuƙar kunne: es-tu-diá-ba-mos, biyar, don st ana raba su, i ɗin kuma ba a danna shi ba, ya haɗu da a. Wuƙar ma'ana: estudi, a, ba, mos. Sanda a kan a saboda ta uku ce daga ƙarshe. Abin da ya rage mini shi ne bakina, har yanzu tara yake cewa maimakon tra.

Ɗalibin Harsuna:
Duka daidai, har da i ɗin da kika bar wa saiwa, wanda da yawa ke kuskurewa. Batun tra kuma, r ɗin bugu ɗaya ne na kan harshe a bayan haƙoran sama. Ki ajiye harshe a wurin t, ki saki iska, kada ki buɗe baki sai r ya wuce. Fara da otra da cuatro, inda akwai wasali a gaba da za ki jingina da shi, kafin ki koma farkon kalma.

Ɗan Almeriya:
Ƙanwata, yanzu muna cikin leda, hayaniyar injin ban ruwa ba za ta bari ki ji ba. In mun tashi bayan Magariba zan sa wani abokin aikina ɗan ƙasar ya faɗi duka shidan a hankali, daga trabajaba har trabajaban, in turo sautin nan zaure. Zan roƙe shi kada ya haɗiye s ɗin.